Fuska ce jari: yadda taurari ke tallan man shafawa a intanet, da abin da matan Suk al-Shabi suka riga suka sani

Kasuwa biyu ne ke amsa sunan Suk al-Shabi a babban birnin Sudan. Ɗaya tana kudu da tsakiyar Khartoum, ɗayar kuma tana Omdurman, a tsallaken Kogin Nilu. Ma'anar sunan a Larabci ita ce kasuwar jama'a, kuma dukkansu sun taso ne a jikin tashoshin mota, inda fasinjan da zai koma ƙauye ke yin sayayyarsa ta ƙarshe kafin mota ta tashi. A irin waɗannan kasuwanni, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ana samun shagunan kayan kwalliya inda man shafawar da aka shigo da shi daga Dubai ko Masar ke jere kusa da dilka da humra na gida.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa suke yada zango a Sudan, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Ko naman da mutanen Khartoum ke kira agashe, sunansa ya nuna daga bakin wa ya fito. Hanyar da ta kai mutane gabas ita ce ta dawo da kaya yamma: dilkar da ake yi wa amarya a Kano, da humrar da ake fesawa a Damagaram, da turaren tsugunno na Maiduguri, duk suna da dangi a Omdurman. Shi ya sa abin da ke faruwa da cinikin gyaran fata a can ya shafi mai karatu a Maraɗi ko Garwa ko Zangon Kumasi.

Abin da taurarin duniya ke yi

A shekaru goman da suka wuce, mawaƙa da masu tallan tufafi da ƴan fim sun daina tsayawa a matsayin wanda kamfani ke haya ya riƙe kwalba ya yi murmushi. Sun koma kafa nasu kamfanonin. Rihanna ta buɗe Fenty Beauty a Satumban 2017 tare da wani reshe na kamfanin LVMH na Faransa, ta fito da hodar ruwa mai launi 40, har da launukan baƙar fata da manyan kamfanoni suka daɗe suna yi wa riƙon sakainar kashi. A Yulin 2020 ta ƙara da Fenty Skin, sashen gyaran fata, da kaya uku kacal. A Mayun 2022 kayan suka shigo shaguna a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Najeriya da Ghana. Babu Sudan a ciki, babu kuma ko ƙasa ɗaya mai magana da Faransanci.

Misalin da masana kasuwanci suka fi jinjinawa a baya-bayan nan shi ne Rhode, na Hailey Bieber. An fara shi a Yunin 2022, shi ma da kaya uku, kuma tsawon shekara uku ba a sayar da shi a kantunan wasu kamfanoni ba sai ta shafinsa na intanet. A Mayun 2025 kamfanin e.l.f. Beauty ya sanar da sayensa a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 1, bayan ya yi cinikin dala miliyan 212 a shekara guda da kaya wajen goma.

Dabarar ba ta da wani sirri mai zurfi. Tun kafin a san akwai kamfani, Hailey Bieber ta shafe watanni tana nuna fuskarta a TikTok da YouTube da Instagram, tana wanke ta, tana shafa mai, tana magana a kan fata mai sheƙi. Sai da mabiyanta suka ƙosa da tambayar me take shafawa, sannan aka ce musu ga shi. Kayan kan fito kaɗan-kaɗan, su ƙare, a buɗe rajistar masu jira. Ƙarewar ma talla ce, domin abin da ya yi wuyar samu shi ake magana a kai. Kylie Jenner ta riga ta gwada wannan a 2015 da jan-bakinta da ya ƙare cikin mintuna. A 2024 Rhode ya fito da rigar waya mai gurbin saka man leɓe a bayanta. Duk wadda ta tsaya gaban madubi ta ɗauki kanta hoto, ta yi wa kamfanin talla ba tare da an biya ta ko sisi ba. A ganina wannan ita ce dabara mafi wayo a cikinsu, domin ta mayar da mai saye ta zama allon talla.

Wadda ta fi kusa da idon matan Sudan ita ce Huda Kattan, ƴar asalin Iraƙi da aka haifa a Amurka, mazauniyar Dubai. Ita ba waƙa ko fim ne suka ɗaukaka ta ba. Ta fara ne da rubutu da bidiyon koyar da kwalliya a intanet a 2010, a 2013 ta fito da gashin ido na kanti da sunan Huda Beauty, a 2020 kuma ta buɗe Wishful na gyaran fata, inda aka yi tallarsa da hotunan da ba a yi kwalliya ba, ba a kuma gyara su da kwamfuta ba. Wato koyarwa ce ta fara tara mata jama'a, ciniki ya biyo baya.

Suna kaɗai ba ya ɗaukar kamfani. SKKN na Kim Kardashian, wanda ya fito a wata ɗaya da Rhode, mai mabiya ɗaruruwan miliyoyi a bayansa, an rufe shi a 2025. Mabiya na iya sayen kwalbar farko saboda ƙauna. Ta biyu sai in man ya yi aiki kuma farashinsa bai fi ƙarfin aljihu ba.

A ƙasar Hausa ma taurarin Kannywood sun bi sahu. Rahama Sadau ta yi Sadau Beauty, Nafisa Abdullahi ta yi Naf Cosmetics, kuma shafukansu na Instagram su ne kantin farko da mai saye ke shiga.

Tajirat al-Facebook

A Khartoum abin ya bi wata hanya dabam, kuma takunkumi ne ya shata ta. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, sunan ƙasar kuma bai fita daga jerin masu tallafa wa ta'addanci ba sai a Disamban 2020. A tsawon wannan lokaci bankunan Sudan ba su cikin tsarin katunan biyan kuɗi na duniya. Ƙaramar ƴar kasuwa ba ta da hanya mai sauƙi ta biyan Facebook kuɗin talla, manyan kamfanonin kwalliya na waje kuma ba su buɗe shaguna ba. Sai aka bar fili ga mata masu waya.

Mutanen Khartoum suka laƙaba musu suna tajirat al-Facebook, wato ƴan kasuwar Facebook mata. Griet Steel, mai bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ta yi nazari a kansu, ta wallafa shi a 2017. Ta nuna cewa da yawansu mata ne masu ilimi, ƴan gidajen masu matsakaicin hali, waɗanda ke sayar da kayan kwalliya da turare da tufafi daga cikin ɗakunansu, ba tare da sun zauna a kasuwa ba, abin da danginsu ba za su so ba. Cinikin na gudana ne a rufaffun zaurukan Facebook na mata zalla, sannan a ƙarasa shi a WhatsApp. Kaya kan zo ta hannun ƴar uwa da ke Saudiyya ko Dubai ko Alƙahira, ko a saro su a kasuwannin Omdurman da Khartoum, a kai wa mai saye har gida.

Bahaushiya za ta gane wannan sana'a nan take, domin dillanci ne. Dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka, tana kai wa matan kulle abin da ba za su fita su saya ba, a Sudan ma sunanta dallaliya. Waya ta ɗauke mata yawon ƙafa ne kawai, ta kuma faɗaɗa mata unguwa daga gida talatin zuwa mata dubbai.

Ƙarfin waɗannan zauruka ya fito fili a zanga-zangar 2018 da 2019 da ta kawar da Omar al-Bashir, lokacin da wani zauren mata mai suna Minbar Chat, wanda aka san shi da hirar samari da tonon asirin mayaudara, ya koma gano jami'an tsaron da aka ɗauka hoto suna dukan masu zanga-zanga. Zauren da zai iya gano sunan mutum da unguwarsu daga hoto ɗaya, zai iya ɗaga mai haɗa dilka cikin mako guda, zai kuma iya kashe mata kasuwa cikin dare ɗaya.

In aka ɗora dabarun Rhode a kan na waɗannan mata, za a ga kusan abu ɗaya ne. Mai kaya ita ce hujjar kayanta: tana nuna hannunta, ko wuyanta, ko fuskar amaryar da ta gyara. Tana cewa saura kwalba biyar. Tana saka hoton saƙon da wata ta turo tana godiya. Tana aika wa wata sananniya a zauren kyauta don ta gwada ta faɗa. Gabanin Sallah da lokacin bukukuwa take fito da sabon haɗi. Abin da kamfanonin Amurka ke biyan ƙwararru su tsara musu, matan Omdurman sun kai gare shi ne saboda ba su da wani zaɓi.

Kayan kuma suna da tushe. Dilka curi ne na garin dawa ko makamancinsa da ake kwaɓawa da mahlab da kanumfari da sandal, a turara shi da hayaƙi, a riƙa murza jiki da shi. Dukhan, wanda Hausawa ke ji a matsayin turaren jiki na hayaƙi, rami ne ake haƙawa a saka icen talh ko shaf, mace ta shafa mai ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo mai kauri. Bisa al'ada na matan aure ne da amaren da ake shiryawa. Humra ana haɗa ta da sandal da miski da mahlab da farcen wata dabbar teku da ake kira dufra. Akwai man karkar na gashi, mai ɗauke da man riɗi da kitse da kakin zuma. Waɗannan kaya kowace kaka ta san abin da ke cikinsu, kuma hanci na iya bambance mai kyau da na algus.

Inda hatsarin yake

Matsalar tana cikin robar da ba ta da rubutu. A Sudan akwai shagunan da ake kira gadar zurufak, ma'ana daidai ƙarfinki, inda ake sayar da man shafawa cokali-cokali, a haɗa kala uku ko huɗu a ƙaramar roba. Haɗin, wanda suke kira khalta, shi ne ya koma intanet da sabon suna da kyakkyawar leda. Mutanen Sudan suna da kalmomi da yawa na bambance launin fata, daga asfar zuwa asmar zuwa akhdar zuwa azrag, kuma ba a ɓoye yake ba cewa a zancen aure da aikin talabijin ana fifita mai haske. Kasuwar bilicin a kan wannan take rayuwa, can da nan.

Abubuwa uku likitocin fata suka fi kokawa da su. Na farko magungunan kumburi masu ƙarfi dangin sitiroyid, irin su clobetasol da ake samu a man Dermovate. Magani ne na cutar fata da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. In aka mayar da shi man yau da kullum, fata kan yi sirara har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, kuma yana iya shiga jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na biyu hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sakawa a kayan kwalliyar fata tun 2001. Yawan amfani da shi kan bar baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu da goshi, wato akasin abin da aka saye shi dominsa. Na uku sinadarin makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke iya kaiwa ga ɗan tayi da jaririn da ake shayarwa. Yarjejeniyar Minamata ta fara da iyakance shi a kayan kwalliya, sannan a taron 2023 ƙasashe suka amince a haramta shi baki ɗaya daga 2025.

A nan dabarar fuska ce jari take zama tarko. Man da ke ɗauke da sitiroyid yana aiki da sauri: cikin mako biyu fata ta yi haske ta yi santsi, hoton kafin da bayan ya yi kyau, saƙonnin godiya su yi ta shigowa. Illar ba ta bayyana sai bayan watanni, lokacin da babu mai ɗaukar hoto. Ga kuma filta da fitilar zobe da ke sa kowace fuska sheƙi. Mai saye ba ta da yadda za ta san ko tauraruwar da ke riƙe da kwalbar da shi take amfani, ko kuwa likitan fata take gani a Dubai.

Taurari ma sun shiga wannan ɓangare. Mawaƙiya Dencia, ƴar Kamaru, ta fito da Whitenicious a 2014, ta ce na goge tabo ne, amma hotunan tallar da suka nuna ta fari fat sun jawo ce-ce-ku-ce a faɗin nahiyar. A Nuwamban 2018 Blac Chyna ta zo Legas daga Amurka don ƙaddamar da wani man na kamfanin da ake sayar da kwalbarsa dala 250.

Abin da doka ta ce

Ƙasashe da dama sun taɓa batun ta ɓangaren sinadari. Kot Dibuwa ta haramta man bilicin a 2015, Ghana ta hana shigo da mai hydroquinone, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashewa, Kamaru ta ɗauki mataki a 2022, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. A Sudan rajistar kayan kwalliya tana hannun Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa, tare da hukumar kula da ingancin kaya. Sai dai duk waɗannan hukumomi an gina su ne don tashar jiragen ruwa da kanti mai adireshi. Haɗin da aka dama a kicin aka sayar a rufaffen zaure ba ya bi ta gabansu.

Ta ɓangaren talla kuwa, Faransa ce ta fi fito da abu ƙarara. Dokarta ta 9 ga Yunin 2023 ta wajabta wa masu tasiri a intanet su rubuta a fili cewa abin da suke nunawa talla ce, su kuma bayyana in an gyara hoton fuska ko jiki, sannan ta hana su tallan tiyatar kwalliya. Dokar ta shafi har wanda ke zaune a wata ƙasa in dai mutanen Faransa yake nufa da tallarsa. A Najeriya hukumar ARCON na buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har da ta shafukan sada zumunta, ko da yake wanda ya leƙa Instagram na minti biyar zai ga nisan da ke tsakanin takarda da aiki.

Bambancin Fenty ko Rhode da robar gadar zurufak ba a tallar yake ba. Yana jikin kwalba: jerin abubuwan da ke ciki, sunan masana'antar da ta haɗa, lambar rukunin da aka yi, ranar lalacewa, da kamfanin da za a iya kai wa ƙara. Mai saye a Yamai ko Kano na iya tambayar waɗannan kafin ta tura kuɗi, ta kuma duba lambar rajistar NAFDAC in kayan Najeriya ne. Shahararrun kaya suna da tasu matsalar, wato jabu. In an ce ga Fenty a kan kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa, a ƙasar da kamfanin bai taɓa kai kaya ba, to amsar tana cikin farashin. Man da ya yi alkawarin haske cikin kwana bakwai kuwa ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa.

Bayan yaƙi

Faɗan da aka yi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ratsa ta tsakiyar kasuwannin babban birnin. An wawashe shaguna, wasu sun ƙone, cinikin Omdurman ya koma arewa, yankin Karari, inda kasuwar Sabrin ta cika, ita ma aka yi mata luguden wuta a farkon Fabrairun 2025 aka kashe mutane fiye da 50. Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin Khartoum a Maris na 2025. Fiye da mutum miliyan 10 yaƙin ya raba da gidajensu.

Mai shago a Suk al-Shabi ya rasa shago da kaya. Mai zaure a Facebook ta rasa gida, amma ta fita da kasuwarta a cikin jaka. Da yawa sun ci gaba da haɗa dilka da humra daga Fot Sudan da Atbara, da unguwar Faisal ta Alƙahira, da Kampala da biranen Saudiyya, suna sayar wa matan da suka yi gudun hijira tare da su, waɗanda ƙamshin humra ya zame musu ƙamshin gida. Manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, wadda dama ake biyan kuɗi da ita, ta zama jijiyar ciniki bayan rufewar rassan bankuna, canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka yi a Disamban 2024 kuma ya ƙara tura mutane gare ta.

Wannan kasuwa ma tana da nata rauni. An katse intanet a Sudan fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan na 3 ga Yunin 2019, an sake katsewa makonni bayan juyin mulkin Oktoban 2021, sannan layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Kowane karo cinikin ya tsaya cak, har da kuɗin da ke cikin Bankak. A yankunan da layi bai dawo ba, mutane sun koma biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa na'urar Starlink, mata na bin layi da wayoyinsu don duba saƙon kuɗi daga dangi, wasunsu kuma don amsa masu tambayar ko akwai sauran dilka.